Kai Yara Gombe Wajen Ummansu

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da yarana biyu, babbar 'yar shekara shida da ƙaninta da bai daɗe da cika shekara biyu ba. Waɗanda suka ga na yi shiru kwanakin nan suna tambayar ko lafiya, lafiya lau. Gombe na je, ga kuma yadda aka yi.

Uwar yaran ungozoma ce. Ta daɗe da gama karatu tana zaune ba aiki, sai bara bayan damina aka ɗauke ta a wani asibiti a Gombe. A lokacin ba ta da masauki, ga aikin kwana, sai muka yanke ta tafi ita kaɗai, yara su zauna da ni a gidanmu wajen mahaifiyata, Hajiya. Cewa muka yi na ɗan lokaci ne. Ɗan lokacin ya miƙe, aka yi sanyi aka gama, aka shiga bazara. Sau ɗaya ta samu ta leƙo gida, sauran duk ta waya ake ganin juna. Da aka ba babbar hutun makaranta sai na bar wa ƙanina shagon robobina na ce bari in kai mata su. Hajiya ta rako mu har zaure, ta ce in gaya wa surukarta aikin nan ya isa haka, ta dawo ta riƙe 'ya'yanta. Ni ma da wannan ra'ayin na fita.

A tashar Unguwa Uku na tarar kuɗin mota ya yi tsalle, ya kusa ninka abin da na sani. Duk da haka kujera biyu na kama, don na san ba zan iya riƙe yara biyu a cinya har Gombe ba. Babbar ta fara tambayar ko mun iso tun a gadar Wudil, kuma ba ta fasa ba a duk garin da muka shiga. A Birnin Kudu muka karya da ƙosai da kunu. Daga nan rana ta buɗe. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take fitowa. Gonaki duk an share su, an tara kara ana ƙonawa, ga taki tsibi-tsibi, kowa ruwa yake jira. Abin da ya yi yawa a hanya shi ne mangwaro, kwano-kwano a bakin titi, kuma araha.

Kafin Darazo ƙaramin ya ɓata wando. Ba ni na fara sani ba, fasinjojin baya ne suka sanar da ni. Direba ya tsaya a gindin wata tsamiya, na sauka da buta da leda ina juya yaro kamar wanda aka ba sabon inji. A gida Hajiya ke wannan aikin. Wata dattijuwa da muke tare ta leƙo ta taga ta ce na sa masa famfas ɗin gaba a baya. Na kwance na sake, mota duka tana kallona.

Tsakanin Darazo da Dukku akwai wuraren da hanya ta farfashe, sai direba ya sauka gefe ya bi ta ƙasa. Kogin Gongola ya janye, yashi ya fi ruwan yawa. A Dukku muka yi azahar, na sayi kindirmo wajen wasu mata da suka yi cinikin da ni da Hausa suna yi da junansu da Fulatanci. Ban sha mai kyau irinsa ba da daɗewa.

Da muka sauka a Gombe na ce wa wani ya kira mini adaidaita, ya dube ni ya ce keke nake nufi. Keken ya kai mu Federal Low-Cost, unguwar ma'aikata, tituna a miƙe, dogon yaro a ƙofar kusan kowane gida. Uwar yaran tana haya a ɗaki biyu da ke bayan gidan wata tsohuwar malamar firamare 'yar Kaltungo, Kirista, wadda kowa ke kira Mama. Mun tarar da uwar yaran tsaye a bakin get, ko kayan aiki ba ta cire ba. Babbar ta diro tun keke bai gama tsayawa ba ta ruga ta rungume ta. Uwar ta miƙo hannu za ta karɓi ƙaramin, sai ya juya ya ƙanƙame wuyana. Ta kira shi da duk sunayen da take kiransa a waya, bai waiwayo ba. Na ce masa ga Umma. Sai ya zura hannu a aljihun rigata ya zaro wayata ya miƙo mini, wai in kira masa Umma.

Mun yi dariya dukanmu, har da ita. Amma da ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Kwanakin da suka biyo baya haka suka tafi. Ƙaramin ba ya cin abinci sai daga hannuna, ba ya yarda ta yi masa wanka. Da ya ji jikokin Mama suna ce mata Anti, shi ma ya ɗauka. Ita kuma da safe take fita aiki, sai a bar ni da su. A nan na san tsawon wuni. Zafin Gombe ba na wasa ba ne, garin a kwari yake, iska ba ta motsi. Wuta ta zo ta tafi. Ruwa sai an tsaya a titi an tare masu kura, kuma yara biyu a bazara sun fi babban mutum cin ruwa. Ƙurajen zafi suka feso wa ƙaramin a wuya da baya, ya riƙa soshe-soshe yana rigima. Ina wanke wannan, waccan ta zubar da kunu. Ina goge kunu, wannan ya fita tsakar gida yana bin kajin Mama ba takalmi. In la'asar ta yi sai in shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron gidan in cika baho da ruwa su shiga, su da jikokin Mama. Wannan ne kaɗai lokacin da nake samun zama.

Mama mace ce mai barkwanci, Hausarta kuma irin ta wajensu ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta tambaye ni ko yarinyar ya ci abinci, 'yata ta ce mata ai ita mace ce, "ta ci" ake cewa. Na ji kunya, ita kuwa ta yi ta dariya, ta ce shekara da shekaru tana koyar da yara, yau ga Bakanuwa ta zo ta koyar da ita. Da yamma ta aiko mana da gwate, wato faten wajensu, mai zafi. Ta ce in ci hankali kwance, yayanta uwa ɗaya uba ɗaya Musulmi ne, ta san abin da muke ci da wanda ba ma ci.

Wata rana da rana, yara sun yi barci, uwarsu ta dawo daga aiki ta zauna a bakin katifa tana yi wa ƙaramin fifita. Sai yana barci take samun taɓa shi. Ba ta dube ni ba ta ce, "Abbansu, idan aikin nan ne zai sa ɗana ya riƙa ce mini Anti, gara in ajiye." Saƙon Hajiya yana bakina, ga shi ta share mini hanya da kanta. Amma yadda ta yi maganar ya sa na kasa isar da shi. Na san shekarun da ta yi tana neman aikin nan. Na ce mata ta bari tukuna, ai ba mu tafi ba.

Ranar da ta samu hutu ta ce mu je Kwadon ta yi cefane, don kayan miya sun fi sauƙi a can. Ba nisa, ana fita gari ta gabas an isa. Garin manoma ne, ga lambuna, ga albasa buhu-buhu a bakin hanya ana loda wa manyan motoci. Tumatir ya fara tsada saboda ƙarshen rani, amma albasa da alayyafo kamar kyauta idan ka gwada da Kano. Muna cikin zagayawa wata mata ta taso daga gaban kayanta tana kiran Malama. Ta kwanto jaririyar da ke bayanta ta miƙa wa uwar yara, ta ce mini wannan baiwar Allah ce ta tsaya a kanta ranar da haihuwa ta zo mata da gardama, har mijinta ya fitar da rai. Ta cika mana leda da albasa, ta rantse ba za ta karɓi komai ba. Ƙaramin yana kafaɗata yana kallon uwarsa riƙe da 'yar wani. Na ga ya ɓata fuska.

Tun safe hadari ke haɗuwa ta gabas, amma 'yan kasuwa suka ce haka yake yi kullum ya watse. Ranar bai watse ba. Iska ce ta fara tasowa, ta ɗaga rumfunan leda, ta kifar da tire, kowa ya kama tattara kaya. Muka ruga wata rumfar kwano muka fake tare da mutane da yawa. Na sauke ƙaramin don in ɗauki babbar, wadda ƙasa ta shiga wa ido tana kuka, ɗaya hannun kuma ga buhun cefane. Sai aka yi wata tsawa mai ƙarfi, ruwa ya sauko a kan kwanon kamar ana zuba tsakuwa. Yaron ya ƙwalla ƙara ya ɗago hannu, ni kuwa ba hannun ɗaukarsa. Uwarsa ta sunkuya ta ɗaga shi, ta juya shi baya ta ɗaure da mayafinta. Ya ɗan yi turjiya, aka sake tsawa, sai ya kwantar da kai. Tana jijjiga shi tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Kafin ruwan ya tsagaita ya yi barci. Har muka iso gida ba ta sauke shi ba, a keke ma a gefen kujera ta zauna don kada ta matse shi.

Ba zan ce daga nan komai ya daidaita ba. Washegari da ya farka ni ya nema. Amma ya karɓi shayi a hannunta, ya bari ta shafa masa hoda a ƙurajen. Anti da Umma kuwa ya riƙa haɗa su, wanda ya zo bakinsa. Ruwan ya kwantar da zafi, gari ya yi ƙamshin ƙasa, shinge, garar nan mai fiffike, ya fito yara suna bi suna kamawa.

Na ce mata kada ta ajiye aiki, kuma zan bar mata shi. Mama da kanta ta ce a kawo mata shi duk lokacin da uwar ke asibiti, ai da ma jikoki take reno, ƙarin ɗaya ba zai karya ta ba. Babbar za ta koma Kano ta ƙarasa zangon ƙarshe na shekarar. Kafin mu taho na shiga Pantami wajen wani Bakatsine da muke hulɗar kaya, ya zagaya da ni na ga shaguna, don ina tunanin buɗe shago a can. Unguwar cike take da jama'a, hayar ba ta kai ta Kano ba, sai dai cinikin ma bai kai ba. Ban kama ba tukuna, amma na bar masa magana.

Ranar komawa Mama ta ɗauki ƙaramin ta zagaya da shi bayan gida wai su ba kaji hatsi, mu kuma muka sulale. Muna hawa keke na jiyo kukansa. Na ce wa mai keken ya ja. Babbar ta yi nata kukan har Dukku, sannan ta yi barci a cinyata. Hanyar ta canza a 'yan kwanakin nan. Inda ruwan ya sauka mutane sun fito da iyalansu suna shuka, inda bai kai ba suna zaune a gindin bishiya suna kallon sama.

Bayan la'asar muka shiga gida. Hajiya ta amsa sallama, ta rungume jikarta, sannan ta leƙa bayana. Ta ce, "Ina mijin nawa?" Na zauna na gaya mata duk yadda aka yi, har da cewa ban isar da saƙonta ba. Na zaci faɗa za ta yi. Ta kalli ƙofa, sannan ta ce, "Uwarsa ce, ba ni da ta cewa. Amma da ka faɗa mini tun kuna hanya, da ban dama kunun nan da yawa ba."

Na tafi ina ganin magana ɗaya ce za ta gyara komai, wato wani ya haƙura ya dawo. Na dawo na gane yaro ƙarami wanda ke kusa da shi ya sani, mai yi masa wanka da ba shi abinci, kuma duk inda aka ajiye shi akwai gidan da zai yi shiru. Na kuma san yanzu irin aikin da Hajiya ta yi mini watannin nan ba ta taɓa faɗa ba. Kunun ni da 'yata muka zauna muka shanye, Hajiya tana zuba mana.