Tsamiyar da Shamuwa Ta Bari

Tsamiya uku na gada a fadamarmu da ke bayan Ƙarfi. Biyu na sayar wa masu gawayi, ba tare da wani ya tilasta mini ba. Ta ukun ma na riga na yi magana da Ɗanlami mai injin yankan itace cewa ya zo ranar Asabar ya kayar da ita, wai don inuwarta tana hana shinkafata girma. Raina a ɓace nake wannan rubutu, kuma babu wanda nake jin haushi kamar kaina. Ban yi karatu mai nisa ba, saboda haka zan faɗi abin yadda ya faru.

Fadamar ta kakata ce, Kaka Dije, wadda ta haifi babana. Danginta Maguzawan wajen Dayi ne. Ta musulunta tun kafin ta yi aure, amma sanin daji da ta taso da shi bai bar ta ba. Da damina takan tasa mu gaba da sassafe, ni da ƙanwata Ladi, mu tafi lambunta na kuɓewa da kabewa a bakin tafki. Kafin mu isa sai ta ce, "Ku rufe baki ku buɗe ido." Nan za ka ga zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, belbela sun yi fari fat a bayan shanu, kirinjijiya suna tashi da fito. Malam-buɗe-littafi kuwa sukan taru a kan danshin laka, rawaya da farare, in ka taka kusa su watse maka a fuska. Can saman tsamiyoyin kuma gidajen shamuwa ne, baƙar tsuntsuwar nan mai fari a ƙirji da ke zuwa gab da faɗuwar damina.

Doka biyu gare ta a wannan fadama. Ba a zuba iri sai an ga shamuwa ta fara ɗaukar kara tana kai wa tsamiya, ko da an yi ruwa. Sannan kunya biyu na dawar da ke bakin tafki ba a girbe su. Takan ce rabon masu fiffike ne.

Wata rana, ina ɗan shekara goma ko kusa da haka, na harbi ɗan shamuwa da danƙo yana koyon tashi. Ba yunwa nake ji ba, ba a ma cin shamuwa a garinmu. So nake kawai in ga ko zan same shi. Na same shi. Na tura shi cikin ciyawa yana motsi, na dawo gida na wanke hannu.

Bayan magariba aka ci tuwo, Kaka ta hura wuta a bakin ɗakinta kamar kullum, ta zuba ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro, ta jera masara a gefen garwashi. Ni take fara ba wa, don da wasan jika takan kira ni maigidanta. Ran nan sai ta tsallake ni ta miƙa wa Ladi.

Na ce, "Tsohuwa, kin manta da maigida?"

Ta ce, "Maigidana ai ya ƙoshi. Na ji ya je farauta."

Na gane ta sani, amma na yi dariya tare da Ladi. Kaka ta gyara zama za ta fara tatsuniya, ta ce, "Ga wata na ciro daga ƙarƙashin tabarma."

Muka ce, "Kakkaɓe mana ita."

Ta ce an yi wani manomi mai gona a bakin tafki. Gonarsa ta fi ta kowa albarka, amma shi ba ya ganin rumbun da ya cika, sai ƙwayar da tsuntsu ya ɗauka. Ya sa gwangwani, ya sa mutum-mutumi, ya kwana yana ihu. Da bai isa ba sai ya ƙone ciyawar bakin ruwa, ya sare itacen da shamuwa ke gida. Shamuwa ta zo da bazara ta kewaya sau uku, ba ta ga wurin sauka ba, ta wuce. Da aka yi ruwan farko babu mai gaya masa cewa na yaudara ne. Ya zuba irinsa duka, rana ta ƙone shi. Ya sake shuka a makare. Da ta fito, fara ta sauka, kuma babu bakin da zai tsince ta. Kabewarsa ta yi fure har ta gaji, ba wanda ya ziyarci furen, ba ta haifi ko ɗa ɗaya ba.

Kaka ta juya masara ta ce, "A shekarar nan ko ƙwaya ɗaya tsuntsu bai ci masa ba. Gonar duk tasa ce. Ya zauna a tsakiyarta shi kaɗai, shiru kamar maƙabarta."

Ladi ta ce, "Kaka, yaya sunansa?"

"Sunansa yana nan. Ranar da ya gaji da ɓoyo zai faɗa da bakinsa." Ba ta dube ni ba. Ta ciro masarar da ta fi ƙonewa ta ajiye a gabana ta ce, "Na sauke ta nan. Wanda ya ga tasa ce ya ɗauka."

Ban ɗauka ba. Na kwana ina jin haushinta, ina cewa a raina tsohuwa ta tozarta ni a kan tsuntsu. Har ta rasu ban taɓa gaya mata ni ne ba, ita ma ba ta sake tayar da maganar ba.

Da fadamar ta dawo hannuna, shekarar farko na girbe kunya biyun nan. Na ce camfin mutanen dā ne. Daga baya na cike rabin tafkin da ƙasa na zuba shinkafa. Na sayi famfon feshi a Funtua, na riƙa feshe ciyawa da ƙwari har bakin ruwa, abin da ya rage a jarka in juye shi a tafki in wanke. Na ga kwaɗi sun taso ciki sama, na kau da kai. Mu da yawa muka yi haka, tun daga Ƙarfi har Malumfashi, kowa yana nuna ɗan'uwansa. Ina jin haushin mai shagon maganin feshi da ke ce mana mu ƙara murfi biyu don ya fi ci. Ina jin haushin maƙwabtana. Amma su ba su zauna a bakin wutar Kaka Dije ba. Ni na zauna.

Bana da aka yi dogon hutu, malamar su 'yata Murja ta ba su aiki: kowa ya je lambu ko fadama ya rubuta tsuntsaye da malam-buɗe-littafin da ya gani, da launinsu. Na bugi ƙirji na ce ta sayi sabon littafi, fadamarmu za ta cika shi. Abin da na gani ina yaro nake ba ta labari, kamar ban san abin da na yi wa wurin ba.

Safiya uku muna zuwa. Ta rubuta kurciya. Ta rubuta hankaka. Rana ta uku belbela biyu suka wuce ta sama ba su sauka ba, ta tambaye ni ko ya halatta ta sa su. Malam-buɗe-littafi ko ɗaya.

Ta ce, "Baba, ina shamuwar da ka ce?"

Na daka mata tsawa, na ce malamarsu ba ta da aikin yi. Yarinya ta rufe littafi. Wannan tsawar ma tana cikin abin da nake neman gafara a kansa.

Ranar Asabar Ɗanlami ya iso da injinsa ɗaure a bayan babur. Muka tarar da Murja ta riga mu, tana zaune a gindin tsamiyar, kanta a sama.

Ta ce, "Baba, wancan tarin karan fa?"

Tsohuwar sheƙa ce a reshen can sama, rabinta ya zube. Ban san shekara nawa ta yi babu kowa a ciki ba, don na daɗe ban ɗaga kai ba.

Ɗanlami ya ce, "'Yammata, matsa can kar reshe ya same ki."

Na ce, "Bar ta. Na fasa."

"Ka fasa me, Malam Sale? Tun daga Malumfashi na ƙono mai."

"Ƙona wani ka koma."

Ya dubi sheƙar, ya dube ni, ya yi dariya. "Haya tsuntsun ke biyanka? Gidan ma ba kowa."

Na ce, "Na sani. Ni na tashe su."

Ya tafi yana mita. Tun ranar ban sake kai famfo bakin tafki ba, kuma na bar wa tsuntsaye kunya biyu na bakin ruwa. Ba na yaudarar kaina, mai yiwuwa shamuwa ba za ta dawo ba har in mutu. Dā na ɗauka tatsuniyar Kaka a kan tausayin tsuntsu take. Yanzu na gane a kan mutum take, wanda ba ya iya ganin wani yana ci a gefensa, har ya gwammace ya zauna shi kaɗai a kan komai. Ta gan shi a cikina tun ina riƙe da danƙo, ta gaya mini da laushi, ni kuma na ɗauki shekara arba'in ina tabbatar mata.

Da magaribar ran nan na hura wuta a tsakar gida, na jera masara, na kira Murja. Ban iya ba da labari kamar Kaka ba, amma na ba ta shi duka, har inda manomin ya zauna a gonarsa shiru.

Ta ce, "Baba, yaya sunan mutumin?"

Na ce, "Sunansa Sale."