Jan Ƙyallen da Koci Ya Mayar Cikin Safa

Shekarun baya, lokacin hutun mako a Dubai yana Juma'a da Asabar, muna da wata ƙwallo da muke bugawa bayan sallar asuba a wani fili a unguwar Al Qusais. Duk 'yan gida ne, masu cargo, wato aika kaya gida, da ma'aikatan ofis. Alƙalinmu wani dattijo ne ɗan Kano, Alhaji muke ce masa. Shi ke kama filin, shi ke hura usur, saboda shi kowa ke tashi ya zo.

Ni kuma Allah Ya yi ni da ƙorafi. Ko jifa aka ba wa abokan hamayya sai na bi Alhaji da hayaniya. Akwai abokina da gwiwa ta hana shi wasa, ya koma ɗaukar mu a waya, to wajensa nake rugawa in ce a duba. Wata Juma'a Alhaji ya cire usur daga wuyansa, ya ce, "Khalas, ya isa haka. Sati mai zuwa ne na ƙarshe. Ban bar iyalina da sassafe don yaro ya riƙa ƙaryata ni ba." Kowa ya san idan ya tafi ƙwallon ta mutu, kuma kowa ya san wane ne yaron.

Ranar Lahadi na dawo daga aiki rai a ɓace, sai maƙwabcina, wani Bazazzagi da ya yi karatu a Amurka, ya ja ni ɗakinsa kallon ƙwallon Amurkawa, irin wadda ake rungumewa a gudu. A Landan ake wasan, shi ya sa ya faɗo mana da yamma. Ban fahimci komai ba. Can sai na ga wani koci ya zaro jan abu ya wurga gaban alƙalin wasa. Na miƙe tsaye na ce, "Wallahi ƙasar nan ta yi! Koci ke ba alƙali jan kati?"

Sai da maƙwabcina ya gama dariya sannan ya yi mini bayani. Ba kati ba ne, ƙyalle ne, kuma ma'anarsa koci bai yarda da hukuncin ba, a je a duba bidiyo. Sau biyu yake da wannan dama a wasa, ana iya ƙara masa ta uku idan ya yi gaskiya. Amma ba kyauta ba ce. Kowace ƙungiya tana da damar tsayar da agogo sau uku kafin hutun rabin lokaci, sau uku bayansa. Idan bidiyo ya goyi bayan alƙali, an cinye wa koci ɗaya daga ciki, wanda kuma ya ƙarar da nasa ba shi da bakin jefa ƙyalle.

Ana cikin zagaye na ƙarshe aka ce wani ɗan wasa ya cafe ƙwallo ƙafarsa a waje. Ni dai a idona a ciki take. Kocinsa ya sunkuya ya zaro ƙyallen daga safa. Ana cin su da maki biyu, tsayar da agogo ɗaya tak ya rage masa. Filin ya ɗauki ihu a jefa, ni ma daga Al Qusais ina taya su. Mutumin nan ya dubi babban allo, ya dubi agogo, ya mayar da ƙyallen cikin safa. Na ce matsoraci ne. Maƙwabcina ya ce, "Shwaiya, jira tukuna."

Saura daƙiƙa huɗu, yaransa sun matso kusa da sandunan abokan hamayya, agogo na gudu, babu lokacin da za su jeru a buga. Sai ya ɗaga hannu ya tsayar da agogon da wannan dama ɗaya da ya adana. Mai bugu ya shigo a natse ya harba ta tsakanin sanduna, maki uku, suka ci wasan. Ban taɓa ganin mutum ya haɗiye magana a gaban dubban jama'a, alhali wataƙila shi ke da gaskiya, saboda yana hango abin da ya fi ta ba.

Ranar Juma'a na yanko hannun wata tsohuwar jar riga na kai wa Alhaji. Na ce kowane ɓangare ƙorafi biyu, kuma wanda bidiyo ya ƙaryata ya rasa hutun shan ruwa ɗaya. Wanda ya san zafin garin nan ya san wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Alhaji ya jujjuya ƙyallen, ya miƙo mini, ya ce na ɓangarenmu ni zan riƙe.

Kamar da gangan, na ci ƙwallo mai kyau Alhaji ya hura satar gida. Hannuna ya kai safa ya zaro ƙyallen kafin in yi tunani. Sai na waiga na ga mai tsaron bayanmu, mutum mai shekara hamsin, ya dafa gwiwa yana haki, hutu ɗaya ya rage mana. Na mayar da ƙyallen.

Da aka tashi, na hango Alhaji ya karɓi wayar abokina yana kallo shi kaɗai. Ya tako har inda nake kwance igiyar takalmi, ya ce, "Ƙwallonka ta ci. Ni na yi kuskure, ka yi haƙuri." Sannan ya rataya usur a wuya, ya ce kowa ya zo da wuri sati mai zuwa.

Har yau abin yana ba ni mamaki. Shekara uku ina bin dattijon nan da ihu ban taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba, sai ranar da na yi shiru. Ƙyallen yana nan cikin jakar takalmina, ya koɗe, kuma tun daga ranar sau biyu kacal na jefa shi.