Loma Ɗaya a Tashar Mota

Wata rana da hantsi, a wata tashar mota, na ga an kusa kashe mace a kan loma ɗaya.

Lantana sunanta. Shekara goma sha biyu tana sayar da tuwo a tashar nan.

Wani direba, Haladu, ya kai lomar farko. Sai ya tofar, ya miƙe zumbur.

"Ɗaci! Guba ta zuba mini! Jiya na yi faɗa da mijinta a kan layin lodi!"

Kafin ta buɗe baki ya wanke ta da mari. Ya sa ƙafa ya hamɓare tukunya, miyar kuka mai tafasa ta kwarare mata a hannu.

Har yau ihunta yana kunnena.

Nan da nan aka yi mata caa. Wannan da gora, wancan da dutse. Goshinta ya fashe, jini ya jiƙa kallabinta. Wani har ya fara kiran a kawo taya.

Sai wani tsoho mai tallan dabino ya ratsa taron, ya tsaya a gabanta. Ya miƙa wa Haladu dabino ɗaya.

"Ɗana, tauna wannan. Me ka ji?"

Haladu ya tauna, ya yamutsa fuska.

"Baba, shi ma ɗaci."

"To ni ma guba na ba ka? Kwana nawa kana zazzaɓi?"

"Uku. Jiƙon maɗaci nake sha."

Tsohon ya lakaci sauran miyar a gefen tukunya, ya lashe a gaban kowa.

Ba ka jin komai sai faɗuwar duwatsu ƙasa.

Ɗaya daga cikinsu a hannuna yake.

Eh, ni. Ni da ban ɗanɗani miyar ba, ban ma san sunan mijinta ba. Wallahi kunya ta hana ni ɗaga kai.

Lantana ta rayu, amma yatsunta uku sun ƙanƙance. Ba ta ƙara riƙe muciya ba.

Darasi: Kafin ka yarda da abin da zuciyarka ta raya maka, gwada ta kamar yadda tsohon nan ya gwada harshen Haladu. Tambayi kanka: da wane haushi na zo wajen? In wanda nake ƙauna ne ya yi, haka zan fassara? Sannan ka bari wani mai lafiya ya ɗanɗana.

Tura wa mai saurin hannun da ka sani, tun bai ɗauki nasa dutsen ba.