Fiton da Ke Kunnen Baba

Ko zan manta komai, ba zan manta shekarar da Baba ya kwance lafiyayyen mashin ɗin mutane yana neman fiton da a kansa yake ba.

Baba makanikin mashin ne a Roumdé Adjia, kuma kunnensa ne jarinsa. Mashin na tsayawa, kafin mai shi ya buɗe baki Baba ya faɗi ciwonsa. Kwatsam wani siririn fito ya tare masa a kunne, ba hutu. Ran nan wani ɗan moto, mai acaɓa, ya zo ƙara iska a taya kawai, Baba ya rantse injinsa na fito, ya warware shi kaf. Ba a sami komai ba. Kunya ta sa ya ce zai rufe garejin ya koma Bibémi noma, mutumin da ko barkono bai taɓa shukawa ba.

Ni na ja shi asibiti, don lokacin na gama lise, wato sakandare, ina jin kaina rabin likita. Likitan ya duba ya ce babu ƙwayar da za ta kashe ƙarar, sai dai a horar da kunne ya riƙa bin sautin waje ya ƙyale na ciki. Wasu kan sami sauƙi, wasu ba sosai ba. Ya sa mana sautuka a waya, Baba ya riƙa bambance mai kauri da siriri. Ba a je ko'ina ba ya miƙo min wayar, wai kukan tsuntsun Nasara ba zai koya masa ji ba.

Haushi ya sa na juya masa benci, bayansa ga titi. Na ce to ga naka tsuntsayen, faɗa min mashin ɗin wa ya wuce. Da fari kuskure ya dinga yi, ni kuwa ba na raga masa.

"Baba, wannan fa injin markaɗen maƙwabta ne."

Ya ce ai ranar da aka raba haƙuri ina can ina faɗa da mai rabon. Likita da ya ji dabararmu dariya ya yi, ya ce mu ci gaba, amma a haɗa da na wayar. Kullum da la'asar muna bisa bencin nan, ni kuma tambayata ɗaya: ƙarar ta tafi?

Wata la'asar wani mashin ya gifta. Baba ko waiwaye bai yi ba ya ce a kira mai shi, sarƙarsa ta saki. Aka kira. Ta saki ɗin kuwa. Na daka tsalle na ce ke nan ƙarar ta tafi.

"Tana nan, uwata," in ji shi. "Amma wanda ya saba aiki kina masa surutu a ka, wane fito ne zai hana shi?"

Garejin na nan har yau, Bibémi kuma ta tsira da gonakinta. Ni da nake son kowace cuta ta fita yau-yau, a bencin nan na koyi cewa wata ba ta fita. Wurin zama ake nuna mata, a ci gaba da aiki.