Wanda Inna Kulu Ta Bar Wa Bakinta

Duk wanda ya ci miyar kuka a Fagam ya ci daddawar Inna Kulu. Ni ce 'yarta ta fari, Hapsatu, amma ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Kunyar 'yar fari ta sa tun daga yaye aka miƙa ni riƙo garin Kwandiko wurin Gwaggo A'i, ƙanwar babanmu. In na zo gida, Inna bango take kallo ta ce, "A ba waccan ruwa." Shi kuwa Nuru, autanmu, har ya yi gemu yana zama kan tabarmarta yana cinye mata ƙanzo.

Shekarar da yayar Inna ta rasu a asibitin Kano, da roba a hanci, 'ya'ya na ta gardama a kanta, Inna ta dawo ta kasa sukuni. Ga hawan jini ya sa ta a gaba. Wata Juma'a ta aika aka kira Malam Yahuza liman, ta tara mu a tsakar gida.

"Malam, ka shaida," in ji ta. "A yi min magani iyakar iyawa. Amma ran da bakina ya mutu, likita ya ce sai addu'a, a mai da ni ɗakina. Abin da Nuru ya faɗa, ni na faɗa."

Nuru, wanda ko allura aka zaro sai ya runtse ido. Ni da ke haɗa mata magani, ni da ke wanke mata zannuwa, ko kallo ban samu ba. Kishi ya turnuƙe ni, na tashi na shiga madafi ina ta buga tukwane. Bayan la'asar Inna ta ja Nuru ɗaki suka daɗe, ina jin muryarta ƙasa-ƙasa, tana faɗa masa abin da take so da wanda ba ta so.

Da damina ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. A asibiti a Birnin Kudu aka yi ta ƙoƙari, har likita ya ce ko an kai ta Kano, inji ne kawai zai riƙe numfashin. Ya tambaya wa ke magana a madadinta. Na buɗe baki, Malam Yahuza ya nuna Nuru. Nuru ya ce a sallame mu. A ɗakinta ta cika, ƙafafunta a cinyata.

Ranar sadakar bakwai Gwaggo A'i ta ja ni gefe. "Na tambaye ta dalilin zaɓen Nuru tun a lokacin," in ji ta. "Cewa ta yi, waccan ba zan ɗora mata wannan kaya ba, in ta ce a kai ni gida, ba za ta ƙara barci ba har ta mutu."

Na san tausayina ta ji. Amma wallahi da an tambaye ni, na yarda in rasa barcin, ta kira ni ɗaki sau ɗaya mu yi magana.