Maɓallin da Bashiru Ya Koya wa Amsa Sallama

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Bashiru, kuma har yau in na ga shafin intanet yana ta juyi bai ce komai ba, sai in ji muryarsa yana cewa, "Wannan ba ya da tarbiyya, Yaya."

Aikinsa ke nan a Gusau, rubuta shafuka. Wata shekara ƙungiyar manoma ta sa shi ya yi mata fom na rajistar taki. Kafin sati ya zagayo sunayen dattawan Bungudu sun fito sau uku-uku. Shugaban ƙungiya ya harzuƙa, ya ce masu son cin rabo uku ne, za a soke su. Cikinsu har da Kawu Ila na Kwatarkwashi, mutumin da ko goron wani bai taɓa ɗauka ba. Ga damina ta kawo kai, ga sunan ɓarawo.

Bashiru ya hau babur ya sami Kawu, ya ce ya danna maɓallin tura fom ɗin ya gani. Kawu ya danna, ya saurara. Ya sake. Ya sake.

"Kawu, mi ya sa har uku?"

"Kai yaro, sallama uku aka yi! Na yi ta fari, shiru. In juya in tafi?"

Wallahi Bashiru ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce laifinsa ne, ba na Kawu ba. Ya koma ya gyara: da an danna, maɓallin ya kulle kansa kada a ƙara, fom ya tafi sau ɗaya, rubutu ya fito. Ya kai wa shugaba bayani, aka bar sunayen. Kawu ya samu takinsa.

Da yana nan, da ya sha faɗa da shafukan yanzu. Ni dai da ke koyarwa a Tsafe, nakan cike fom in danna in zauna kamar mai jiran mota ta cika. Haba!

Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Amma ƙungiyar ba ta canza shafin ba. Bana ni na cike wa Kawu, don idonsa ya yi rauni. Na danna, rubutun ya fito: "Mun ji, Baba. Sunanka ya shiga, ka huta."

Ya ce in karanta masa.  Sai kewar Bashiru ta kama ni.

"Bari, ɗiyata," in ji Kawu. "Na san abin da ya ce. Allah ya jiƙan shi."