Gaba Tara da Hannun Dogo

Ƙauyen gida arba'in ne, a tsakanin wani dutse mai kama da kifaffiyar tukunya da wani rafi da ya daina gudu tun kafin a haifi masu furfurar yau. Rijiyoyinsa goma sha ɗaya, kuma duk Dogo ne ya haƙa su. Sunan bai yi ƙarya ba, sai ya sunkuya yake shiga ɗakinsa, hannuwansa kuwa har gwiwa.

Shi dai tarihin garin a ƙarƙashin ƙasa ya karanto shi. Zurfin rami da gaba yake aunawa, wato buɗin hannuwa biyu. Yakan ce a gaba biyu akwai toka, ta gobarar da ta koro kakanni daga gindin dutse. A gaba huɗu sai fasassun tukwanensu. Can ƙasa kuma farin yashi ne, tsohuwar hanyar rafin, wadda ta ratsa ta ƙarƙashin shagon tela ta ɓulla bayan maƙera.

Tela yakan tsokane shi: "Ashe a kan ruwa nake ɗinki! Shi ya sa kekena ke tsatsa."

Tsufa ya zo, idanun Dogo suka dushe. A shekarar ce rijiyoyi tara suka ƙafe, gida bakwai suka tashi. Autarsa ma da mijinta suka ɗaure kaya, za su tafi da jikokinsa uku. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya sa matarsa ta ja shi har bayan maƙera, ya kafa sandarsa.

Ya ce, "Nan. Gaba tara za ku ga ruwa. In babu, ku tafi, ba zan hana ba."

Kwana goma sha biyu samari suna haƙa. Sun ga tokar, sun ga tukwanen. Ran nan surukin ya auna igiya, ya zo ya durƙusa.

"Baba, tara cif. Ko danshi babu."

Dogo ya sunkuyar da kai. Shekara arba'in bai taɓa faɗi ƙasa ta ƙaryata shi ba, sai yau da abin ya zo kan jikokinsa. Wallahi kunya ce ta rufe shi har ya kasa ɗaga kai.

Matarsa tana daga bakin ƙofa ta dubi surukin sama da ƙasa, abin da bai ɗauke ta lokaci ba, don gajere ne.

"Ɗana, da hannun wa kuka auna?"

"Da nawa, Inna."

"Haba! Da wannan ɗan guntun? Kawo masa igiyar."

Dogo ya miƙe, ya buɗe hannuwa, yana ja yana ƙirgawa da ƙarfi. Igiya ta ƙare ko takwas bai cika ba. Aka tuntsure da dariya, har surukin.

Kwana biyu suka ƙara. Da hantsin na uku guga ya fito da nauyi, aka dumbuzo abin da ke ciki aka zuba wa Dogo a tafi. Ya dunƙule. Farin yashi ne mai danshi, ya kama jikinsa, sanyi ya bi ta tsakanin yatsunsa.

Sai ya juya inda ya ji muryar autar.

"Auta, je ki kwance kayan nan. Yaran ma a kawo min su, su taɓa."